Itace a Ruwa: Me Ke Sa Wani Ya Taso, Wani Ya Nutse?

Tun da jami'an gwamnatin tarayya suka fara kiran a janye kwalekwalen katako daga ruwayen ƙasar nan, a maye gurbinsu da na faiba (haɗin roba da zaren gilashi) da na alminiyam, maganar ta shiga majalisun hira har a nan Katsina, duk da ba mu da babban kogi irin Kwara ko Binuwai. Ruwan da muke da shi ya isa a yi fito a kansa: ga dam ɗin Jibiya, ga Zobe a ƙasar Dutsin-ma, ga Ajiwa, ga Sabke da Daberam a ɓangaren Daura, ban da gulaben da ke cika maƙil idan damina ta yi nisa. Mutanen Mai'adua ba su manta da kwalekwalen da ya kife a yankinsu a 2022 ana cikin shagalin ƙaramar Salla ba. Maƙwabtanmu na Bagwai a jihar Kano ma sun ga irin wannan rana a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a dam ɗin Watari.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, tun muna yara mun san in ka jefa guntun icce a kududdufi tasowa yake yi. To me zai sa a ɗora wa katako laifi? Kuma ta yaya alminiyam, wanda ko cokalinsa ka saki a bokiti sai ya kai ƙasa, zai fi katako aminci? A ɗaya gefen kuma, masassaƙin da ya taɓa jiƙa guntun kirya zai rantse maka cewa akwai iccen da ke zarcewa ƙasan ruwa kamar dutse. Kowannensu abin da idonsa ya gani yake faɗa. Ma'auni guda ne ke sasanta maganganun biyu, kuma duk mai zuwa kasuwa ya san shi, ko da bai san sunansa ba.

Tiyar gero da tiyar dusa

A auna maka tiyar gero, a auna maka tiyar dusa. Kwano ɗaya ne, cika ɗaya ce, amma hannunka zai gaya maka geron ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Wannan bambancin shi ne malaman kimiyya ke kira dansiti. Da Hausa za a iya cewa danƙarewa, wato yawan nauyin da ke cushe a cikin wani ƙayyadadden girma.

Nauyi daban, danƙarewa daban, kuma yawancin ruɗanin daga haɗa su yake tasowa. Gungumen rimi da sai ƙarti huɗu sun ɗaga shi yana da nauyi, amma bai danƙare ba, shi ya sa yake tasowa. Allura ba ta da wani nauyin a zo a gani, amma ɗan jikin nan nata a danƙare yake, don haka in ta shiga ruwa ƙasa take yi.

Da ruwa ake gwada komai. Lita ɗaya ta ruwan daɗi giram 1000 ce, wato kilo ɗaya, shi ya sa jarka mai lita 25 in ta cika take kilo 25, ban da nauyin robar. Lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta wuce giram 920 ba, ta kananzir kusan 800. Ƙanƙara mai girman lita ɗaya giram 917 ce. Alminiyam mai wannan girman giram 2700 ne, baƙin ƙarfe kuwa kusan 7850. Duk abin da litarsa ba ta kai giram 1000 ba zai taso, wanda ya haura kuma zai nutse.

Iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida. Mai rege shinkafa ta san ƙaiƙayi zai taso, tsakuwa ta kwanta a gindin ƙwarya. Mai sayen ƙwan zabi takan ce a kawo ruwa a gwada: sabon ƙwai ya kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu ya ɗaga kai, ruɓaɓɓe ya taso gaba ɗaya. Dalili kuwa, ƙwai in yana tsufa ruwan cikinsa na fita ta ƙananan ƙofofin ɓawo, iska tana maye gurbinsa. Girmansa bai canza ba, nauyinsa ne ya ragu. A riƙe wannan misali na ƙwai, domin labarin itace kusan shi ne, sai dai a juye.

Abin da mai jan guga ya sani

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya, ko a Kusugu ne ko a rijiyar tsakar gida, ya san cewa guga cike da ruwa ba ya nauyi muddin yana cikin ruwan. Da zarar ya fito sai igiya ta ja hannu. Ruwa yana tura duk abin da ke cikinsa zuwa sama, saboda matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi: matsin da ke ƙarƙashin abu ya fi wanda ke samansa.

Wanda ya fara tsara lissafin wannan turin shi ne Arkimidas, masanin Girkawa na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙa'idarsa ita ce: ƙarfin da ruwa ke tura abu sama daidai yake da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Bayan fiye da shekara dubu, Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973 miladiyya, ya riƙa saka ƙarafa da duwatsu masu daraja a wani mazubi na musamman yana auna ruwan da ya zubo, ya fitar da danƙarewarsu da ƙididdigar da ta yi kusa ƙwarai da ta yau.

Daga wannan ƙa'ida za a iya sanin inda ruwa zai tsaya a jikin abin da ya taso. Katakon da litarsa giram 600 ce zai nutse da kashi shida cikin goma na jikinsa, kashi huɗu su rage a sama. Mai giram 300, kashi uku ne kawai za su shiga ruwa. Ƙanƙara kuwa kashi tara cikin goma na jikinta a ɓoye suke. Mai giram 950 yana nan a matsayin wanda ya taso, amma bayansa kaɗai za a hango.

Zurfin ruwa ba ya cikin lissafin. Iccen da ya nutse a bokiti zai nutse a tsakiyar Zobe, wanda ya taso a can zai taso a nan. Abin da ke canza lissafi shi ne abin da ya narke a ruwan. Litar ruwan teku kusan giram 1025 ce saboda gishiri, shi ya sa jirgi ke ɗan ƙara ɗagowa in ya bar kogi ya shiga teku. A Tekun Gishiri da ke tsakanin Urdun da Falasɗinu litar ruwa ta kai kusan giram 1240, can ko kirya tasowa za ta yi.

Naman itace ya fi ruwa nauyi

A nan ne maganar "itace ba ya nutsewa" take samun tangarɗa. In aka duba itace da madubin ƙara girman abu, za a ga tarin ƙananan bututu ne jere da juna, kamar saƙar zuma. Ta cikinsu ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye lokacin da bishiya take raye. Bangon waɗannan bututu, wato ainihin naman itacen, an gina shi da sinadaran da ake kira selulos da lignin, kuma litarsa kusan giram 1500 ce. Wannan adadi kusan ɗaya ne a kowane irin itace, daga rimi har kirya.

Ma'ana, da za a matse kowane icce a fitar da duk iskar da ke cikinsa, babu wanda zai taso. Iskar da ke cikin bututun ce ke ɗauke da shi. Iccen da litarsa giram 300 ce, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne nama, saura duk fili ne. Wanda litarsa ta kai 1000, kashi biyu cikin uku nama ne, bututunsa ƙanana, bangonsu mai kauri.

Mai son gani da idonsa ya ɗebo garin katako a wurin masu injin yanka a kasuwar 'yan katako, ya zuba a bokitin ruwa. Da farko zai lulluɓe saman ruwan. In ya dawo washegari zai tarar yawancinsa ya kwanta a ƙasa, domin zarto ya riga ya farfasa bututun, ruwa ya samu hanyar korar iska cikin sauri. Takarda ma daga itace ake yin ta, kuma in ta jiƙe sharkaf nutsewa take yi.

Daga rimi zuwa kirya

Itatuwan ƙasarmu sun bazu daga wannan ƙarshen ma'auni zuwa wancan. Busasshen rimi yana wajen giram 300 a lita, shi ya sa a Afirka ta Yamma aka daɗe ana fafe gungumensa a yi kwalekwale, ga sauƙin sassaƙa, sai dai ba ya jure ruɓa da ƙwari. Gawo da ɗorawa suna tsaka-tsaki. Maɗaci yana tsakanin 700 da 800: yana tasowa, amma yawancin jikinsa a ruwa yake. Kirya da marke suna gab da 1000, wani yankin ya ɗan gaza, wani ya haura. Shi ya sa mutum biyu za su yi gardama a kan kirya, ɗaya ya ce ya ga ta taso, ɗaya ya ce ya ga ta nutse, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Wannan danƙarewar ce ta sa ake neman kirya wajen turmi da taɓarya, maƙera kuma suke son gawayinta.

Ko a jikin bishiya ɗaya ma ba daidai ba ne. Zuciyar tsohuwar tsamiya, jan cikin nan mai duhu, ta fi farin bayanta danƙarewa sosai, har takan nutse. Giginya kuma akasin haka take: bayanta ne mai tauri, tsakiyarta laushi gare ta. Magina na gargajiya sun san wannan, shi ya sa daga bayan ake tsaga azarar da ke riƙe rufin soraye shekara da shekaru.

Katakon da ake kawowa daga kudu ma haka yake. Obeche, farin katakon nan marar nauyi, bai cika wuce giram 400 ba. Iroko yana wajen 650. Ekki, wanda ake gina gadoji da matsayar jiragen ruwa da shi, ya haura 1000 ko ya bushe. A duniya, mafi shahara wajen rashin nauyi shi ne balsa na ƙasar Ikwado, mai kimanin giram 150, a ɗaya ƙarshen kuma akwai baƙin itacen Gabashin Afirka da ake yin kayan busa da shi, wanda ya haura 1200.

Galibi bishiya mai saurin girma takan yi itace marar nauyi, mai girma a hankali ta yi mai tauri, ko da yake akwai waɗanda suka saɓa wa wannan.

Ɗanye, busasshe, da wanda ya sha ruwa

Duk adadin da aka ambata a sama na busasshen itace ne. Ɗanye lissafinsa daban, domin bututunsa cike suke da ruwa a maimakon iska. A wasu itatuwan, ruwan da ke cikin sabon sare yakan fi nauyin itacen kansa. Saboda haka maɗacin da aka sare yau zai iya kusan nutsewa, bayan wata shida a rana kuma ya taso sosai.

Masu safarar gungume ta kogi sun san wannan tun da daɗewa. A ƙasar Bama ta nahiyar Asiya, wato Myanmar, masu saran itacen tik sukan zagaye gindin bishiya da sara su bar ta a tsaye ta bushe shekara biyu zuwa uku kafin su kayar, don in an jefa gungumen a kogi ya taso. A kudancin Najeriya, inda ake jan gungume ta ruwa zuwa Sapele da Legas, akan ɗaure masu nutsewa a jikin masu tasowa domin waɗannan su tallafi waɗancan.

Sai kuma busasshen itacen da ya daɗe a ruwa. Shi ne labarin ƙwai a juye: a hankali ruwa yana shiga, iska tana fita, girma bai canza ba amma nauyi yana ƙaruwa. Ruwan ya fi saurin shiga ta bakin da aka yanka, domin nan bututun suke a buɗe. In ruɓa ta kama shi abin ya fi sauri. Wata rana sai litarsa ta haura giram 1000, ya tafi ƙasa. Kafin ya kai ga haka yakan yi wani zama mai haɗari, yana shawagi dab da saman ruwa, matuƙi ba ya ganinsa sai jirgi ya doke shi.

Abin mamaki, iccen da ya nutse ya binne a laka ba ya saurin ruɓewa, domin ƙwayoyin da ke cin itace suna buƙatar iska. Shi ya sa kututturan bishiyoyin da ruwan dam ya shanye, irin na tafkin Kainji da aka kammala datsewa a 1968, suke nan a tsaye ƙarƙashin ruwa suna fasa jirage. Shi ya sa kuma kwalekwalen Dufuna ya kai zamaninmu. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da ke jihar Yobe a yau. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi, kuma gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8000. Babu jirgin da aka tono a Afirka da ya girme shi.

Akwai wata matsala da ta fi shafar ƙasa mai tsananin rani irin tamu. Itace yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe. Kwalekwalen da aka haɗa da falankai, in ruwa ya ja baya aka bar shi a tudu hunturu da bazara suka bi ta kansa, mahaɗansa sukan buɗe. Ranar da aka mayar da shi ruwa da farkon damina zai riƙa yoyo har sai katakon ya sake kumbura, ko an toshe da kwalta.

Lissafin kwalekwale

Jirgi ba da danƙarewar abin da aka ƙera shi kaɗai yake tasowa ba. Ɗora kwanon sha na ƙarfe a kan ruwa, zai zauna daram. Karkata shi ruwa ya shiga, nan take ya nutse. Ƙarfen bai canza ba. Da farko ana lissafin ƙarfe da iskar da ke cikin kwanon a haɗe, daga baya ruwa ya ƙwace wurin iskar. Haka manyan jiragen ƙarfe suke ratsa teku, haka kuma gorar masunta take ɗauke da mutum a Argungu.

A ɗauki misalin kwalekwale mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi. Saboda tsukewar goshi da baya, filin da yake zaune a kan ruwa zai kai kamar murabba'in mita 10. A irin wannan jirgi, duk kilo 100 da aka ɗora, wato buhun masara guda, zai danna shi ƙasa da santimita ɗaya. A ce yana wofi bakinsa ya ɗaga sama da ruwa da santimita 35. Mutum 20 masu kilo 60 kowanne sun cinye santimita 12. Buhu 10 sun cinye 10. Babura biyu sun ci kamar 2. Ruwan da ya yoyo ya taru a ƙasan jirgi, in ya kai lita 300, ya ci wasu 3. Saura santimita 8, faɗin yatsu huɗu ke nan tsakanin fasinja da ruwan dam. Igiyar ruwa ɗaya in iska ta taso, ko mutum uku su matsa gefe ɗaya, ta isa ruwa ya fara kwarara ta baki. Daga nan kowace lita da ta shiga tana ƙara danna jirgin, abin da ke ba wata litar hanya.

Ruwan da ke kwance a cikin jirgi yana da wata illa bayan nauyi. Da jirgi ya ɗan karkata, duk ruwan sai ya gangara ɓangaren da ya yi ƙasa, ya ƙara masa karkata. Kayan da aka tula sama da fasinjan da suka miƙe tsaye su ma suna ɗaga nauyin jirgi sama, su sauƙaƙa kifewa. Yawancin abin da ake kira nutsewar kwalekwale da haka yake farawa: ya sha ruwa ko ya kife, mutane su zube, alhali gangar jirgin tana iya kasancewa a saman ruwa.

A nan ne danƙarewar katakon take da tasiri. A ce duk katakon jirgin in an haɗa ya kai lita 700. In litarsa giram 700 ce, nauyinsa kilo 490 ke nan, ruwa kuma zai tura shi da ƙarfin kilo 700, saura rarar kilo 210 ko da jirgin ya cika da ruwa. Wannan rara tana iya riƙe mutane da dama in jikinsu na cikin ruwa suna riƙe da gefen jirgin, ba hawa kansa suka yi ba. In kuwa katakon ya tsufa ya sha ruwa har litarsa ta kai giram 900, rarar ta koma kilo 70, injin da ke maƙale a baya kaɗai zai iya cinye yawancinta.

Katako ko faiba?

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana da dokokin sufurin ruwa na 2023 da suka wajabta sanya rigar ceto, suka hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Ita da ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023, ƙarƙashin minista Adegboyega Oyetola, sun sha nuna cewa lokaci ya yi da za a bar jiragen katako, musamman bayan manyan haɗurra irin na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu, da na yankin Mokwa a jihar Neja a Oktoban 2024.

Hujjarsu tana da tushe. Jirgin faiba a dunƙule ake zuba shi, ba shi da mahaɗan da za su buɗe, ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa irin na katako, nauyinsa na bana kusan shi ne na baɗi. Ya fi sauƙin dubawa, kuma masana'anta za ta iya rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. Jirgin katako kuwa zai iya ruɓewa ta ciki alhali fenti ya rufe.

'Yan fito da masu ƙera jirage su ma suna da tasu. Jirgin faiba ya fi tsada sosai. Na katako in ya fashe, kafintan gari zai gyara shi da falanki da ƙusa da kwalta a yini ɗaya, na faiba kuwa sai an nemo sinadari da wanda ya iya. A garuruwan da babu gada, hana jirgin katako kafin a kawo madadinsa yana nufin yanke mutane daga kasuwa da gona da asibiti.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Faiba kanta ta fi ruwa danƙarewa, litarta ta haura giram 1500, alminiyam kuma 2700. Jirgin da aka yi da su in ya cika da ruwa zai tafi ƙasa kai tsaye, sai fa in an gina masa rufaffun akwatunan iska ko an cusa masa soso na musamman marar shan ruwa. Jirgin faiba mai inganci yana da waɗannan, na araha ba lallai ba ne. A wannan fuskar, lafiyayyen jirgin katako ya fi jirgin faiba marar soso. Kuma lissafin santimita ɗaya a kowane buhu bai san katako ko faiba ba. In lodin da ake yi wa wancan aka yi wa wannan, sakamakon ɗaya ne.

In aka auna hujjojin, sauya kayan ƙira zai rage haɗurran da ke zuwa ta ruɓa da yoyo da fashewar tsohon katako. Ba zai taɓa waɗanda ke zuwa ta lodi, da tafiyar dare, da kututture a ƙarƙashin ruwa ba. Ga fasinja, abin da ya fi yiwuwa ya fara gani in an tsananta dokar shi ne ƙarin kuɗin fito, domin mai jirgi zai nemi mayar da kuɗin sabon jirgi da mutane kaɗan a kowane sawu.

Rigar ceto ita ce ɓangaren dokar da lissafi ya fi goyon baya. Jikin mutum dab yake da danƙarewar ruwa: in huhu cike yake da iska yakan ɗan taso, in ya fitar da numfashi ko ya shaƙi ruwa sai ya fara nutsewa. Abin da yake buƙata ɗan tallafi ne da zai riƙe kansa a sama. Rigar ceto ta manya tana ba da turin da ya kai kilo 10 zuwa 15, kuma ya wadatar. Kafin a ƙirƙiro soson roba, da audugar rimi ake cusa irin waɗannan riguna, wadda muke cusa matashi da ita, domin kowane silinta ɗan bututu ne mai iska a ciki, ga wani maiƙo a bayansa da ke hana ruwa kama shi da wuri.

A murhu da wurin kafinta

Wannan ilimi bai tsaya a bakin ruwa ba. Busasshen icce, kowane iri ne, zafin da kilo ɗaya nasa ke bayarwa kusan ɗaya ne. Saboda haka dami biyu masu girma ɗaya, na marke zai fi na icce marar nauyi daɗewa a murhu, don ya fi yawan nama. Amma nauyi a hannu zai iya yaudarar mai saye, domin ɗanyen icce ma nauyi gare shi, kuma nauyin ruwa ne, sai hayaƙi da ɓata lokaci. Busasshe mai danƙarewa in ka buga biyu da juna ƙara suke yi ƙwal, bakinsu da tsaga-tsaga. Ɗanye kuwa ƙararsa a dushe take.

Wajen katakon gini ma, galibi wanda ya fi danƙarewa ya fi ɗaukar kaya da riƙe ƙusa. Farin katako marar nauyi ya dace da silin da ƙananan kayan ɗaki, bai dace da inda nauyin rufi zai hau ba. Katakon da aka yi aiki da shi yana ɗanye kuma, in hunturu ya busa zai tsuke ya karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Wanda yake son sanin matsayin wani katako ba sai ya nemi sikeli ba. Ya yanki guntu miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, ya raba tsawonsa gida goma da alƙalami, ya saka shi a tsaye a cikin doguwar robar ruwa yana tallafe shi da yatsa don kada ya kwanta. In ruwa ya tsaya a layi na huɗu daga ƙasa, litarsa kusan giram 400 ce, in a na bakwai ne, 700. A bar guntun a ruwan mako biyu a sake dubawa, za a tarar layin ya hau.